Buhu Tara da Maraƙi

Buhu tara na masara na kai Saminaka,
na haɗa da kuɗin ɗan maraƙina,
na hau motar asuba zuwa Kaduna,
na dawo da ita a cinya, naɗe cikin leda,
tana ƙamshin mai, tana sheƙi kamar goshin ango.

Mai shagon ya ce, "Malam Barau, wannan,
ko ƙuda ne a kan ƙahon gwanki,
ka faɗi wanda kake so, ƙudan ko gwankin."
Na yi dariya. Na biya har da kuɗin takarda.

Ranar farko, a fadamar bayan gari,
zabi bakwai na kiwo a gindin ɗorawa.
Na durƙusa, na ɗauke numfashi, na ja kunama.
Reshen ɗorawa ya faɗo.
Zabin suka tashi, ba ko gaggawa,
har ɗaya ta waiwayo, wallahi, ta dube ni.

Na ce hannu ne, bai san ta ba tukuna.
Na kafa gwangwanin madara a kan kututture,
taki arba'in, na ƙirga da ƙafata.
Na fari ya bi hagu. Na gyara.
Na biyu ya bi dama. Na gyara.
Na uku ya tone ƙasa kamar yaro mai neman gyare,
na huɗu, har yau ban san inda ya kwana ba.
Gwangwani na tsaye, ko ƙwarzane.
Kande ta ɗauke shi, tana auna gishiri.

Da ƙaryarta ɗaya ce, da na zauna da ita.
Harbi-rugar babana ma tana da karkata:
yatsa uku hagu, kullum, rani da damina.
Ka san halinta, ka ba ta haƙƙinta.
Wani maƙeri a Kauru ya fid da ita
daga ƙarfen sitiyarin matacciyar mota,
ta sa nama a miyarmu shekara talatin.
Wannan kuwa, kowace safiya da sabon ra'ayi.

Sai daren gyado.
Sati biyu yana tone mini rogo.
Na kwana a kan tsamiya, sauro na karɓar rabonsa,
farin wata ya kawo mini shi har ƙarƙashina,
kusa, ina jin taunarsa.
Na ja. Ƙyas. Shiru.
Na sake ja. Harsashi ya maƙale a wuyanta
kamar ƙayar tarwaɗa.
Ya ci, ya ƙoshi,
ya soshe gadon bayansa da itacen da nake kai,
ya yi tafiyarsa.

Barsu ya daina tashi in na saɓa ta.
Kare ma ya san fitar da ba ta da ƙashi.

Na koma Kaduna. Mai shagon na latsa waya.
Ya ce harsashin ne. Na ce kai ka sayar mini.
Ya ce laima ce. Na ce a daji ake farauta, ba a falo ba.
Ya ɗago, ya ce, "To, ko idon ne, Baba?"

Wannan harbin bai kuskure ba.
Na taho da shi a ƙirji, ya hana ni gyangyaɗi
tun daga Maraban Jos har Pambeguwa.

Ina isa, ban ko sha ruwa ba,
na sauko da tsohuwar daga ƙusa,
na share mata yana, na ɗura albarushi, na danne da tsumma,
na juye gishirin Kande a faifai.
Taki arba'in.
Yatsa uku dama.
Hayaƙi ya rufe ni, kafaɗa ta amsa.
Da ya washe, kututture ne kawai.

Sabuwar na nan jingine bayan ƙofa,
buhu tara da maraƙi, tana ta sheƙi.
Ban yi mata magana ba.

Kande ta ce in biya ta gwangwaninta.