Ɗigo Ɗaya Daga Indararo

A Valdivia ruwan sama bai san sallama ba,
in ya sauka Litinin, sai ya ga wata Litinin.
Babana, Eleuterio, shekara talatin da ɗaya
ya yi a ƙasan jirgin fito na Corral,
yana lallashin inji, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ranar da suka sallame shi da agogon bango
ya kai agogon kasuwa,
ya dawo da madubin duba-rudu
daga gwanjon wata makaranta da aka rufe.
Na tagulla ne, gaɓoɓinsa sun yi kore,
wani yaro ya karce sunansa a gindi.

Muka yi ta dariya, ni da ƙanena Nibaldo.
Mutumin da ya saba kokawa da ƙarfe mai nauyin bijimi
shi zai koma leƙen ɗigon ruwa?

Ya kafa tsani, ya hau rufin kwano,
ya ƙwaƙulo gansakuka daga indararo,
ya jiƙa ta a murfin kwalbar zuma ta kwana.
Da safe ya matse,
ɗigo ɗaya a kan gilashi,
ya rufe da wani gilashin da bai kai ɓawon albasa kauri ba.
Goma ya fasa a makon farko.
Yatsun bakanike ne, ba su san a hankali ba.

Wata Laraba ya ƙwala mini kira
kamar gidan ya kama da wuta.
Na leƙa. Fari fat. Gashin idona kaɗai nake gani.
"Murɗa kaɗan, Ermelinda. Kaɗan na ce!"
Sai ga ta,
wata aba mai ƙafa takwas, ɓul-ɓul da ita,
tana tatata a kan zaren ganye,
faratanta suna kamawa suna saki.
Ba ta san da mu ba,
ba ta san da Chile ba, balle kuɗin wuta.

Littafi shida ya cika da zanen fensir:
mai gashi a baki yana juyi kamar tayar keke,
mai siffar takalmi,
wadda ta rabu biyu a gabansa
har shayinsa ya huce bai sani ba.
Sunayensu na Latin sun ƙi zama a bakinsa,
sai ya raɗa musu na abokan aikinsa.
"Waccan Kyaftin ce,
ba ta taɓa komai, sai zagaye."

Bana yanar ido ta rufe masa na dama,
na hagun ma ya kama hanya.
Asibiti sun ce sai watan Maris.
Yanzu shi ke matse gansakukar da lalube,
ni ke leƙawa ina ba shi labari.

Jiya ɗigon wayam yake, daga yashi sai tarkace.
Ga shi ya karkato kunne, ya haɗe hannuwa.
Na ce, "Ga ta nan, Baba, tana tafiya."
"Ina ta nufa?"
"Hagu."
Ya yi shiru. Itace ya fashe a murhu.
"Da kin gan ta, da ba ki amsa da wuri ba.
Wanda ya gani bakinsa mutuwa yake."
Ya turo mini murfin kwalbar.
"Goge gilashin. Ba da rigarki ba, ina jinki."

Na biyu, babu. Na uku, wata tsutsa ta gilma ta ɓace.
Wuyana ya ƙage, ruwa na dukan kwano.
A na huɗu
na manta da shi, na manta da miyar da ke kan wuta,
ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Can na ji kujerarsa ta yi ƙara.
"Yawwa," in ji shi.
"Ƙirga mini ƙafafun."