An Gama Lafiya

Ƙarfe shida saura, Oldham na ta yayyafinta,
ni kaɗai a ofis, sai butar shayi tana tari.
Rumbun bayananmu ya birkice tun daren jiya,
rumbun da ya san duk tsohon da muke kai wa abincin rana:
wane ba ya cin gishiri,
wance makullinta na ƙarƙashin tukunyar fure,
wane kunnensa ya yi nauyi, a buga da ƙarfi, a jira.

Na buɗe manhaja, na nemi ajiyar baya.
Wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo,
da ladabi, kamar ɗan aiken da ya cire takalmi:
"Za a dawo da bayananka. Ka amince?"
To wa zai ƙi a dawo masa da nasa?
Bai ce na wane wata ba.
Bai ce na yau za su kwanta a ƙarƙashinsu ba.
Na danna.

Shuɗin layi ya yi ta rarrafe har ya kai bango.
Sai kore ya haska: "An gama lafiya."
Na yi hamdala. Har biskit na ci.

Sha ɗaya da rabi Declan ya kira daga mota,
muryarsa ba daidai ba.
"Tanimu, takarda ta ce in kai wa Mista Ashworth miyar dankali.
Na buga, wata mace ta buɗe da jariri a kafaɗa.
Mutumin nan fa na je jana'izarsa a Fabrairu."

Na koma kan allo. Ga su nan sun dawo,
mamata goma sha ɗaya a jere,
kowa da lambar gidansa da abin da cikinsa ba ya so.
Ajiyar Janairu ce.
Wata tara sun bi ta ƙasan ƙofa.
Misis Nuttall da ta shigo mana a Yuni
babu ita, ko harafi ɗaya,
ita da ke shimfiɗa tebur tun kafin agogo ya buga.

Abin haushin, akwatin bai yi ƙarya ba.
An gama ɗin. Lafiya kuma aka gama,
aikin da ban sa shi ba.
Irin mutumin da ka tambaya ko an kai saƙo
ya ce an kai,
bai ce gidan wa ba.

Rukhsana ce ta fito daga kicin
da wani littafi duk ɗigon mai,
inda take rubuta faranti nawa, na wa, don kanta kawai.
Tana karantowa ina bugawa,
muna cire matattu ɗaya bayan ɗaya,
kowanne sai akwatin ya tambaye ni ko na tabbata.
Yanzu ne ya iya tambaya.

Uku ta gota na hau matakalar Misis Nuttall,
abincin ya huce a hannuna.
Ta buɗe, cokali na cikin aljihun rigar sanyinta.
Ta ce, "Na ɗauka kun manta da ni."
Na ce, "Haba, ina! Komai lafiya."

Sai da na sauko na ji irin muryar da na yi.