Taswirar Bayana

Ranar ɗaya ga kowane wata
Glenys kan ce in tuɓe riga.
In zauna a kujerar kicin, in ba taga baya,
ta ɗora tabarau bisa karan hanci,
ta buɗo littafin nan mai jan bango
inda ta zana bayana kamar taswirar gona.
Kowace tawadar Allah da lambarta.
Ta sha tara tana nan yadda take, in ji ta.
Ta ashirin da biyu fa... tsaya,
kada ka motsa, Alwyn.
Shirun da kan biyo bayan wannan
na fi saninsa da muryar kowa.

Shekara arba'in na yi cikin rake a Ayr,
daga ni sai gajeren wando.
Kakannina daga ƙasar yayyafi suka taso,
suka bar mini gadon jar suma
da fatar da ba ta iya duhu ba, sai ƙuna.
Har gasa muke yi, wa ya fi saɓulewa,
mu ɓare kafaɗa kamar ɓawon albasa,
mu faɗa kogin Burdekin muna shewa.
Ba wanda ya ce mana rana tana rubutawa.
Ashe bashi take ba mu,
kuma ba ta yafe ko kwabo.

Ina da hamsin da uku ta fara zuwa karɓa.
Ta ɗauki saman kunnen hagu.
Ta dawo ta ɗauki gefen hanci,
aka yanko fata daga wuyana aka yi faci.
Sai hannun dama, wanda kan leƙa tagar mota
tun daga gona har bakin masana'anta.
Sau huɗu ke nan.
Dakta Petrakis ta san jikina fiye da telana.
Ƙananan takan fesa musu sanyi mai ƙuna,
manyan sai wuƙa da zare,
sai kwana takwas na jiran waya,
Glenys tana sake wanke kwanukan da ta wanke.

Sankara, in ji takarda.
Ni dai na ce baƙuwa ce da ta gane hanyar gida.

Yanzu da inuwata nake shawara.
In ta fi ni tsawo, in fita.
In ta fara gajarta tana shigewa ƙarƙashin takalmi,
in bi ta mu koma ɗaka.
Malafa mai faɗin faranti, riga har wuyan hannu,
farin mai a kunne, a ƙeya, a bayan yatsu,
ko da hadari ya rufe sama,
don na gano girgije ba shamaki ba ne.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.
Merv ya yi mini dariya, wai na zama fatalwa.
Shi tasa a tsakiyar baya ta fito,
ba shi kuwa da mai duba masa.
Mu shida muka ɗauki akwatinsa, duk da malafa.

Jiya Tilda, jikata, ta tare ni a ƙofa,
'yar shekara shida, hannu a ƙugu.
A makarantarmu, in ba hula ba wasa.
Ta shafa mini mai a goshi har ya shiga ido,
na bar ta a kan man ne ya sa ni hawaye.

Ta ashirin da biyu ta canja baki, in ji Glenys.
Ta rubuta Alhamis, ƙarfe tara,
ta rufe littafin, ta bar tafinta a kafaɗata
ya ɗan daɗe.

Na mayar da riga.
Da yamma muka fito baranda da shayi,
lokacin da rana ta huce, ta yi ja a bayan rake.
Ban iya ƙinta ba har yau.
Ita ta zuba zaƙi a kowace gaɓa ta gonar nan,
ita ta biya kuɗin gidan da nake ɓuya mata a ciki.
Muna dai gaisawa daga nesa.