Ƙafa Biyu

A shiyar Madunka, inda warin jima ke riga rana tashi,
Baba Arzika na zaune, basilla a hannu, jar fata a cinya.

Can gefen rumfa ƙanensa Labbo, mai ƙarancin magana.
Baba ke yankan dama, hagu aikin Labbo ne tun suna yara.

Wata Laraba Malam Rangayya, Ba'indiyen da ke koya mana lissafi,
ya zo da warin takalmi naɗe cikin tsohuwar jarida.

Baba ya juya shi, ya shinshina. "Ina ɗan'uwan wanga?
In na ɗinka shi shi ɗai, gobe ka taka da ɗingisa."

Malam ya yi dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci,
ya ja turmi ya zauna, ya manta da ƙararrawar makaranta.

Ya ce a Sanskirit, harshen littattafan kakanninsa,
da Firakirit da aka yi ciniki da shi a kasuwa,

akwai baitin da suke kira dwipadi.
Dwi biyu ke nan, pada kuwa ƙafa.

Ɗangon fari ya ɗaga, ya tsaya a iska bai san makomarsa ba,
sai na biyu ya sauka, sannan magana ta taka ƙasa.

Awo ake yi, in ji shi, gajeriyar gaɓa ɗaya, doguwa biyu,
yana ƙwanƙwasa ƙirgen da yatsa a kan katakon yanka.

Baba ya ce, "Ashe ƙwar biyu ta! Mi ya kai ta garinku?
Tamu ta yi fatauci, ko taku ta biyo ayari ta iso Rima?"

Ya waiga, ya jefa ɗango: "Baƙo ya zo da ƙafa guda."
Labbo bai ɗago ba, ya ce: "Ya bar gudar tana gadin gida."

Malam ya ƙirga a yatsu, leɓɓansa na motsi,
ya ce ta biyun ta ɗara ta farin. Labbo ya ce, "Hakanan hagu take."

Ni ina bayan buhun bagaruwa, ɗan shekara tara,
ina riƙe da zaren da aka aike ni saye tun hantsi.

Malam ya koma ƙasarsu da takalma biyu sababbi.
Labbo ya kwanta wata damina, zazzaɓin kwana huɗu.

Baba ya ci gaba da aiki, ya koyi yankan hagu da tsufansa,
tana fitowa daidai, amma ya daɗe yana kallonta.

Wani lokaci da la'asar sai ya jefa ɗango, ya dakata,
basilla a sama, kunnensa karkace wajen gefen rumfa.

Na san amsar, tana bakina, ba tawa ba ce.