Bashin Barsu

Jiya ma Barsu ya jawo mini magana.
Lantana mai ƙuli ta zo har zaure,
mayafi a kafaɗa, ido jawur.
Faranti guda, in ji ta, ya kifar,
ya ci na ci, ya binne saura a gindin zogale.
Na ce nawa? Ta faɗa. Na ƙirga mata.
Gogan kuwa yana bayan rumbu,
haɓa a kan ƙafa, ido ɗaya a buɗe,
kamar wanda aka yi wa ƙazafi.

Na uku ke nan tun yankan shinkafa.
Akwai ƙwan zabin Hambali, goma sha ɗaya,
ya shanye, ya bar masa ɓawo a jere.
Akwai takalmin Ladan, ƙafar hagu,
da aka tsinto a fadama ya koma ganda.
An ce in kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi;
nawa ba ya ɓata lokaci wajen shinshinawa.

Azumi ta ce ni na lalata shi.
Ta ce wa ya taɓa jin kare da buhun kwanciya,
kare mai ƙin tuwon jiya sai an zuba romo?
Ta wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai,
tana wankewa tana lissafa laifina,
na bakwai ɗin ya fi na farko tsawo.
Na yi shiru.
Amma na ga hannun da ke ajiye ƙashin kifi
a kan murfin tukunya, bayan magariba,
kuma ba hannuna ba ne.

Wai karen bana ke maganin zomon bana.
Zomayen lambuna sun yi ƙiba.
Ran nan ɗaya ya gifta ta gaban hancinsa,
ya ɗaga kunne, ya yi hamma, ya koma barci.
Ƙadangare yake bi. Da inuwar shirwa.
Da babur ɗin mai allurar shanu,
wanda yanzu sai ya zagaya ta bayan makabarta.

A majalisa suna tambaya: Jatau, me ka gani?
Ba ya farauta, ba ya gadi, ci kawai da ɓarna.
Nakan ce wanda ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa.
A yi dariya, a wuce.

Ban faɗa musu shekarar da kogi ya shigo gari ba,
da muka kwashe zuwa tudu, hanyar Auyo,
na dawo da kwalekwalen aro neman abin da ya saura.
Ba gero, ba akuya, ba katanga.
Sai wani abu kamar tsumma a kan jinka,
yana rawar sanyi, bai ma iya haushi ba.
Na sa shi a aljihun riga.
Duk abin da na tara shekara talatin,
shi kaɗai ruwa ya mayar mini,
kuma ko shi ba nawa ba ne.

Yara suka biyo mu da jifa.
Na ce masa, bar su.
Sunan ya zauna.

Yau da asuba na fito alwala,
na tarar da butata a tsakar gida, hannun a tattaune,
shi kuma zaune gefe, jela na share ƙasa.
Na ɗauki kara. Allah ya sani na ɗauka.
Ya kwanta, ya juya mini ciki,
farin tabon nan na ƙirjinsa yana sama da ƙasa.

Na sosa masa da karan.

Gobe kasuwa. Zan sayi buta,
in biya ta gidan Ladan da sabon takalmi,
ƙafa biyu, don ba a sayar da ɗaya.