Ralin Yaya Mode

Likita ya ce jini ya hau,
in rage gishiri, in motsa gaɓoɓi.
Na dawo gida na zaro Ralin Yaya Mode daga bayan rumbu,
shekara tara yana jingine, tun ranar da muka kai shi makwanci.
Gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashin sirdi,
sarƙa ta sha tsatsa, na ba ta baƙin mai ta haɗiye.

Asabar, ana sallame asuba,
na bar Sakkwato tana miƙa.
Masu shayi na hura wuta, ban tsaya ba.
Kwalta ta raka ni har Acida,
can na saki hannunta na bi jar hanya,
wadda ba ta san hon ba, sai kofaton jaki.

Gero ya yi kai, dama da hagu,
yana rusuna mini kamar ya san ni.
Shiru ya yi yawa har na ji abin da na daɗe ban ji ba:
numfashina,
ƙis-ƙis ɗin feda ta hagu,
da wata kurciya da ta ƙi sauya magana.

Tudu na fari na haye da girmana.
Na biyu ya karɓi hulata, na rataye ta a ƙararrawa.
Na uku jan dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai,
kamar an ɗora faifai a bakin tukunya.
Nan gwiwa ta ce ita fa shekarunta sittin da ɗaya.
Na sauka. Ni da keke muka zama abokan tafiya,
ina tura shi, yana tokare ni.

A gangare ƙaya ta yi mana sallama,
tayar baya ta yi dogon tsaki ta kwanta.
Yara suka nuna mini gindin aduwa,
inda Arzika mai faci ke zaune da kwanon ruwa.
Ya zare roba, ya tsoma, yana neman kumfa,
sai hannunsa ya tsaya.
Ya shafa tsoffin faci, ɗaya, biyu, har bakwai,
kamar mai jan carbi.

Ya ce, "Wanga keken malamin gona na.
Huɗu cikin waɗanga ni nil liƙa su.
Ina shike? Mun daɗe ba mu gane shi ba."
Na faɗa masa.
Ya daɗe yana duban ruwan kwano.
"Allah shi jiƙan Mode.
Shi yak koya muna tsoma irin albasa cikin magani."

Na miƙa kuɗi, ya ture da bayan hannu.
"Aje abinka. Shina bi na canji."

Ban san yayana ya san wannan aduwa ba.
A gida mutum ne mai gajeriyar magana,
ya ci tuwo, ya kunna rediyo, ya yi barci.
Ashe hirarsa a nan ya zuba ta,
ƙauye ƙauye, tsakanin duwatsu.

La'asar ta same ni a kan tudun ƙarshe.
Fadamar Wurno a ƙasa, kore shar,
Rima na walƙiya a ciki kamar allurar da ta faɗi a tabarma.
Na ci ƙuli biyu, na sha ruwan gora da ya yi ɗumi.

Sai gangara.
Na ɗauke ƙafa daga feda,
riga ta cika da iska, ta zama tanti,
birki na kuka, ban kula shi ba.
Wani tsoho a kan jaki ya ɗaga hannu tun daga nesa,
ya ƙwala, "Malam Mode!"

Ban gyara masa ba.
Na kaɗa ƙararrawa sau biyu, na wuce.