Sashe na Goma Sha Bakwai

Ni tafinta ne, bakina na aro ne.
Abin da suka faɗa da Faransanci
nake juyewa cikin ƙwaryar Hausa,
ana biyana don kada ɗigo ya zuba ƙasa.

Ran Talata kwamitin shari'a ya sauka Maradi,
mutum bakwai, mota uku, daftarin doka ɗaya
mai shafi arba'in da huɗu.
An jera kujerun roba, an tayar da janareto
don wuta ta tafi tun hantsi.

Mun wuce sashen tarar masu kabu-kabu,
aka yi dariya.
Mun wuce na iyakar gona,
wani tsoho daga Tibiri ya miƙe
ya ce shaidar iyakarsa gawo ce, gawon kuwa an sare.
Aka ce an ji. Aka rubuta cewa an ji.

Sai sashe na goma sha bakwai:
duk wanda aka tsare bisa zargi
dole a kai shi gaban alƙali
kafin kwana casa'in su cika.

Na karanta shi sau biyu
ba tare da an ce in maimaita ba.

Ƙanena Tsahiru yana gidan kaso
wata goma sha tara ke nan,
kan buhun taki biyu da suka ɓace a shagon maigidansa.
Ba a ce ya ɗauka ba, ba a ce bai ɗauka ba.
Duk Juma'a Inna Cima na tasowa daga Bagalam
da fura a jarka da ƙuli-ƙuli a leda,
har mai gadin ya san tarinta tun daga nesa.

Wani ɗan majalisa mai zoben azurfa
ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Ya ce alƙalai kaɗan ne, takardu sun yi tsibi,
doka kada ta ɗauki kayan da wuyanta ba zai iya ba.
A cire dole, in ji shi,
a sa ana iya, gwargwadon hali.

Duk suka juyo suna kallona.
Jama'a na jiran Hausar abin da ya faɗa.

Na san ana iya.
Shi ne ƙofar da ke rufe kanta ba ƙara.
Ana iya yin ruwa a watan Maris.
Gulbi ma yana iya kawowa da rani
in ka tambayi wanda ba ya jin ƙishi.

Da na so, da na lanƙwasa harshe,
in ba shi kalmar da bai furta ba,
ko in zuba wa tasa barkono
har zauren ya tashi tsaye.
Amma ranar da tafinta ya ƙara gishiri
ranar ya zama ɓarawon bakin mutane.
Na faɗa yadda ya faɗa.
Muryata ce ta ɗauki gawar kalmar zuwa kunnuwansu.

Shiru, sai kukan janareto.

Can wata ƴar kwamiti, Rahamu sunanta,
wadda tun safe ba ta ce uffan ba,
ta tambaya: halin wa?
Na wanda ke da mabuɗi, ko na wanda ke ciki?
Wannan ma na fassara,
na kuwa ji daɗinsa a bakina kamar ruwan randa.

Ba a yanke ba. An ce sai an koma Yamai.
Magatakarda ya ja layi a kan dole,
na leƙa kafaɗarsa,
da fensir ya ja.

Da almuru na iske Inna tana tsince wake a faifai.
Ta ce me manyan suka ce?
Na ce sun ce za a duba.
Ta ce da wane yare?
Na ce da duka biyun, Inna.

Ta ci gaba da tsinta.
Gobe Laraba. Saura kwana biyu ta dama fura.